Ranar da Muka Sauke Tanki

Mu takwas ne 'yan sa-kan kashe gobara a kwarin Huai Som a shekarar da nake ba da labarinta, kuma in ka cire Duang duk mun haura hamsin. Shi Duang yana da arba'in da shida, shi ya sa muke ce masa auta. Samarin kwarin sun daɗe da watsewa, wasu suna Chiang Mai, wasu Bangkok, wasu har Koriya. Sukan zo bikin watsa ruwa na sabuwar shekara, su kwana uku suna tari saboda hayaƙi, su koma.

Shugabanmu Kawu Inta ne, mai shekara sittin da bakwai, siriri, mai ƙarancin magana. Kayan aikinmu kuwa injin hura iska guda biyu irin na goyawa a baya, da mabugan wuta na roba, da manjagara, da adduna, da oba-oba uku. Sai a-kori-kurar marigayi mijina, wadda muke ɗaura wa tankin ruwa na lita dubu da ƙaramin injin famfo da zarar rani ya shigo. Ni nake tuƙa ta. Sunana Fongjan, tafarnuwa nake nomawa. Da yake motata ce kaɗai mai iya hawa hanyar tsauni, ita ce kuma motar asibitin kwarin. Na ɗauki masu naƙuda, na ɗauki wanda maciji ya sara, na ɗauki tsofaffin da hayaƙi ya toshe wa numfashi.

Abin da muke karewa kullum shi ne dajin da ke saman gari ta gabas, inda idon ruwanmu yake. Daga nan bututu yake saukowa zuwa kowane gida. Tun kakanninmu ba a sara a can, kuma malaman haikali sun ɗaura wa manyan itatuwan ƙyalle ruwan goro, alamar kada a taɓa su. Kowace shekara tun watan Janairu muke share layi a kan ƙoƙuwar tsaunin, faɗinsa taku takwas, mu kwashe busassun ganye har sai ƙasa ta fito tsirara, don in wuta ta zo ta rasa abin ci.

Ranar da muka sauke tanki ita ce ta goma sha ɗaya da fara wutar ƙarshen Maris ɗin. Ta taso ne daga arewa, ta cinye tsaunuka biyu, tana hawowa wajenmu a hankali. Mun kira ma'aikatan gandun daji, suka ce duk mutanensu suna wani kwarin, mu riƙe abin da za mu iya riƙewa. Tun safe nake zirga-zirga tsakanin tafkin bayan makaranta da layi, in cika tanki a ƙasa in hawo da shi. Duk inda tartsatsi ya tsallake, sai mu bi shi da tiyo kafin ya kama. Wajen sha biyu muka zauna cin abinci a gindin mota, shinkafa mai danƙo da dakakken barkono da busasshen naman alade da Buakham ta kawo.

Buakham ƙawata ce tun muna 'yan mata, ta girme ni da shekara shida, ita ce ta samu horon taimakon gaggawa a gunduma, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Auta, ci a hankali," ta ce da Duang. "In ka ƙara ƙiba injin nan ne zai riƙa goya ka."

"Yaya Buakham, ke da kika zo layi da jan baki?"

"To in wuta ta cinye ni, ai gara a tarar da ni da kyauna."

Kawu Inta bai yi dariya ba. Yana duban yadda hayaƙin yake kwanciya. Ya ce, "Iska za ta juya kafin ƙarfe biyu. Fongjan, tankinki cike yake?"

Na ce cike yake, yanzu na hawo da shi.

A nan muka ji ƙarar babur yana tahowa ta hanyar ƙasa. Kesorn ce, matar Janta, ba hula ba takunkumi, gashinta duk toka. Ba ta kashe babur ɗin ba ta sake shi ya faɗi.

"Kawu, Janta yana cikin rafin ƙasa. Wuta ta same shi. Ya kira ni a waya, na je na gan shi, na kasa ɗaga shi."

Duk kwarin an san Janta. Maharbi ne, kuma sau biyu mai gari yana kiransa kan sa wa daji wuta don ya koro aladun daji, ko don naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci, ya fito da yawa bayan ruwan fari. Ba a taɓa kama shi da hannu ba. Amma duk shekara in aka ga hayaƙi a arewa, sunansa ake fara ambata.

Kawu Inta ya ce, "Duang, ajiye injin. Ɗauki mutum biyu ku sari gora, ku bi ta."

Sun yi kusan rabin awa kafin su dawo da shi a kan gora biyu da bargo. Ni na ga ƙuna iri-iri, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Rigarsa ta leda ce, ta narke ta manne a bayansa. Hannayensa biyu sun yi fari fat kamar an dafa su. Takalmin robarsa ɗaya ya haɗe da ƙafar. Idonsa a buɗe, ba ya kuka, haƙoransa ne kawai ke kaɗawa a cikin wannan zafin.

Na kira asibitin gunduma. Suka ce motarsu ba za ta iya hawa hanyarmu ba, mu kawo shi bakin kwalta, za su jira a can. Daga layi zuwa bakin kwalta awa ɗaya da rabi ne in ba a tsaya ba.

Buakham ta duba shi ta ce, "Ba zai iya zama a gaba ba. Sai a kwance rub da ciki."

Kowa ya dubi bayan motar. Tanki ya cike wurin, kuma mutum goma ma ba za su iya ɗaga shi da ruwa a ciki ba.

"Kawu," Duang ya ce, "in motar nan ta tafi, awa uku ba mu da ruwa. Kai ka ce iska za ta juya."

"Na ce."

"To a sa shi a babur mana. Mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya riƙe shi."

"A riƙe shi ta ina?" in ji Kawu Inta. "Nuna min wurin da za ka riƙe."

Buakham tana yanka wandon Janta da almakashi, sai laita ta faɗo daga aljihunsa. Ta ɗaga ta sama kowa ya gani. Kesorn ta ce da sauri, "Taba yake sha, Yaya. Kowa ya san yana shan taba."

"Kowa ya san abubuwa da yawa," Buakham ta ce. Ta juya wajen Kawu Inta. "Kwana goma sha ɗaya muna shaƙar hayaƙin nan. Shi ya kunna, kuma shi za mu zubar wa da ruwanmu?"

"Kin gan shi ya kunna?"

"Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba. Ku cika duk abin da zai cika, sauran a zubar."

Muka cika jarkoki huɗu da tankunan feshi na goyawa guda uku, muka jiƙa barguna. Sannan Kawu Inta da kansa ya buɗe bakin tankin. Muna tsaye ruwan ya riƙa kwarara a kan hanya, ƙasa tana shanye shi tun bai yi nisa ba. Da ya yi sauƙi suka kwance igiyoyi, suka sauke tankin da injin famfo a gefen hanya, muka shimfiɗa ganyen ayaba da jiƙaƙƙen bargo, aka kwantar da Janta.

Kesorn ta hau baya. Buakham ta tsaya tana goge hannu a wando, sai ta ɗauki jakar magani ta hau ita ma.

"Ke matsa," ta ce da Kesorn. "Ba haka ake riƙe kan mutum ba. In kika bari ya yi amai ya shaƙe, wahalar nan duk ta tashi a banza."

Haka layin ya rage mutum shida da jarkoki huɗu.

Hanyar duk kwana ce da gangara, hayaƙi kuma ya hana ni ganin abin da ya wuce taku ashirin. Na kunna fitila da tsakar rana. In na yi sauri Buakham ta buga min gilashi ta baya, in na rage gudu ta sake bugawa. Oba-oba tana kan kujerar gefe, ina jin muryar Kawu Inta yana rarraba mutane, wane ya koma wajen dutsen tsaye, wane ya bar nan ya sauka. Da na kai gadar katako na ji Duang yana cewa, "Ta tsallake, Kawu. Wuri biyu." Kawu Inta ya ce, "Ku bar na sama, ku kama na ƙasa." Daga nan tsauni ya shiga tsakaninmu, na daina jin komai sai ƙara.

Motar asibiti tana nan a bakin kwalta kamar yadda suka ce. Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya ƙarama, ta ɗaga bargon ta duba, ta mayar da shi a hankali, ta ce mun yi daidai da ba mu cire rigar ba. Suka sa masa ƙarin ruwa suka tafi da shi da matarsa. Duka bai fi minti biyar ba.

Buakham ta dawo gaba ta zauna. Na buɗe gorar ruwa na miƙa mata.

Na ce, "Ya yi magana a hanya?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Ruwa yake nema."

"Shi ke nan?"

"Tuƙa mu, Fongjan."

Tun daga gadar katako muka san abin da ya faru, don hayaƙin ya canza launi. Wutar da muka saba da ita a ƙasa take tafiya, tana cin ganye, tsayinta bai fi gwiwa ba. Wannan ta shiga gora ta hau sama. Muna jin gora tana fashewa kamar ana harbi. Da muka iso inda muka bar tanki, wajen ƙarfe huɗu da rabi, muka tarar da su shida a zaune a bakin hanya. Ba wanda ya mutu. Girar Duang ta ƙone, ya kuma jefar da injinsa don ya iya gudu. Kawu Inta yana jingine da tankin, takunkuminsa a wuya, yana tari.

Ya tambaye ni, "Ya kai da rai?"

Na ce ya kai.

"To," ya ce. Ya miƙe da ƙyar. "A mayar da tanki. Mu sauka mu tsare bayan gidaje."

Gidajen mun tsare su. Dajin kuwa kwana biyu yana ci.

Bayan mako guda manya suka zo daga gunduma a mota uku, da taswirar da tauraron ɗan Adam ya ɗauka, kwarinmu duk jajayen ɗigo. Suka yi wa mai gari faɗa a gaban mutanensa a harabar haikali, suka ce daga yau an hana kowa shiga daji har sai an ga hali, ko don itace ko don naman kaza. Suka ba mu sababbin riguna masu rubutu a baya, aka ɗauki hoto. Da suka tafi mutanen gari suka juya kan Kawu Inta.

Wani dattijo ya ce, "Inta, gida saba'in ke shan ruwan nan. Ka auna gida saba'in da mutum ɗaya, kuma wane mutum."

Wata ta ce, "Da ɗanka ne ma da mun ce son kai. Amma Janta?"

Kawu Inta ya saurare su duka, hannayensa a kan gwiwa. Da mai gari ya ce ko yana da abin faɗa, sai ya ce, "Ko da tanki ban tabbata za mu riƙe ta ba. Wataƙila mu riƙe. Ban sani ba." Bai ƙara komai ba. Da ma ya ce musu ba yadda za a yi a riƙe ta, da sun fi samun sauƙin haƙura. Na gaya masa haka a hanyar gida, ya ce shi bai san hakan ba, don me zai faɗa.

Janta ya yi wata biyu da rabi a babban asibiti. Ya dawo ba yatsu a hannun dama, na hagu saura biyu. 'Yan sanda sun zo sun yi masa tambayoyi sau ɗaya, ba su samu komai ba. Shi ya ce tarko ya je dubawa wuta ta rufe shi. Ba wanda ya je gaishe shi sai malamin haikali da Buakham, wadda take zuwa duk kwana biyu ta wanke masa ciwo tana zaginsa. Kesorn ta daina zuwa kasuwar safe, don in ta taɓa kaya sai masu sayarwa su yi shiru. Kafin kaka suka kulle gidansu suka koma wajen 'yar'uwarta a Lampang. Ranar da za su tafi ta kawo wa Kawu Inta kwandon lemo ta ajiye a kan matakala, ba ta hau ba.

Damina ta zo da ƙarfi a watan Agusta. Gangaren da ya ƙone ba abin da ke riƙe da ƙasarsa. Wata safiya, ana tsaka da kai wa malaman haikali abinci, muka ji ƙugi daga gabas. Ƙasa ta zaftaro ta binne matattarar ruwanmu da bututun, ta wuce ta danne gida biyu na ƙarshen gari. Ɗaya ba kowa a ciki. Ɗayan na Inna Saengla ne, tsohuwa mai saƙa, wadda ba ta iya tafiya sai da sanda. Mu ne dai muka je da shebur da fartanya. Mun yi awa shida muna tono a cikin ruwan sama kafin mu same ta kusa da murhunta. Ni na kai gawarta haikali a bayan mota.

Bayan wannan ba a ƙara yi wa Kawu Inta faɗa ba, daina yi masa magana aka yi. In ya shigo shagon shayi sai hira ta koma kan farashin masara. Ya kawo min oba-obarsa gida, ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara iya hawa tsauni ba. Gaskiya ne, don daga tsakar gidana zuwa matakala sai da ya huta sau biyu.

Mun gyara bututu da taimakon gunduma, amma da rani ya shigo ruwan ya koma kamar zare. Zuwa Fabrairu sai da safe kawai yake zuwa, na rabin awa. Tafarnuwata ta bushe a rabin gonar. Gida tara suka tashi. Da mai gari ya yi shela a lasifika cewa masu son aikin sa-kai su zo su rubuta suna, mu huɗu muka je. Duang ya zo ne kawai ya gaya mana ya samu aikin gona a Koriya, zai tafi ƙarshen wata.

"Auta, za ka bar mu da wa?" Buakham ta tambaye shi.

"Yaya, 'yata za ta shiga jami'a. Me zan ba ta, toka?"

"Tafi abinka. Ka aiko min da man shafawa irin na matan can, in gyara fuska."

Na je duba Kawu Inta a farkon Maris. Yana kwance a tabarma kusa da taga, da robar iska a hanci, an rufe duk ƙofofi da jiƙaƙƙen zane saboda hayaƙi. Ya tambaye ni ko mun share layi. Na ce mun share rabi. Ya tambayi wa ke riƙe da injin da ya rage, na ce ni da Buakham muke karɓa-karɓa. Ya yi ɗan murmushi.

Na ce, "Kawu, kana tunanin ranar nan?"

"Kullum."

"Da za a maimaita fa?"

Ya ce, "Saengla nake gani, ba Janta ba. Amma in aka sake kawo min mutum a kan gora, ban san yadda zan ce a ajiye shi a gefen hanya ba. Ke kin sani?"

Na ce ban sani ba.

Ya rasu ranar ashirin da uku ga watan. Da yake lokacin hana kunna wuta ne, sai da mai gari ya je gunduma ya karɓo takarda kafin a yarda mu ƙone gawarsa da itace a maƙabartar gari. Mutane sun zo, ba laifi, har da waɗanda suka daina gaishe shi. Malamai sun gama karatu, 'yarsa ta sa wuta, muna bi ɗaya bayan ɗaya muna ajiye furen itace, sai oba-obar da ke jakata ta yi ƙara. Wani mai kiwon shanu ne daga yamma. Ya ce wuta ta hawo ta bayan gonakin masara, faɗinta ya kai daga hasumiyar waya zuwa rafi.

Mu uku ne, ni da Buakham da wani tsohon soja mai suna Panya da ke ɗingishi. Muka bar wurin da baƙaƙen kayanmu na makoki, muka ɗora rigunan aiki a kai. Na tuƙa mu har inda hanyar yamma ta ƙare, muka fito muka duba. Layin wutar ya fi kilomita biyu, iska tana bayanta.

Panya ya ce, "Ta ina za mu fara?"

Buakham ta sauke injin daga kafaɗa ta mayar da shi cikin mota.

"Ba ta ko'ina," ta ce. "Mu koma mu share bayan makaranta. Yara suna ciki har ƙarfe uku."

Na juya motar. Muka sauka, muka ɗauki manjagara, muka fara daga katangar baya.